Kalmomi Biyu a Wasiƙar Mma Rabi

Wasiƙar farko da na karanta wa wani a kan wannan teburin ta wani mahauci ce, daga ƙanensa mai aikin jirgin ruwa. Layi bakwai ce, amma sai da na yi kusan rabin sa'a a kanta. Ku da kuke ɗora waya a kan takarda ta fassara muku kafin ku ƙifta ido, na san kallon da kuke yi wa wannan sana'a: tsoho ne a ƙarƙashin lema, da tebur da tsohuwar tafireta, yana jiran wanda bai yi makaranta ba. Ba zan yi musu da ku ba. Zan dai gaya muku yadda aikin yake, da kuskuren da na yi a cikinsa.

Sunana Haruna, amma a unguwarmu ta Nima ba mai kirana da shi. Krachi ake ce mini, wato akawu a bakin Tonawa, mutanen ƙasar nan. Na haura shekara talatin ina zaune a gefen babbar hanya, kusa da inda trotro, motar haya, ke ɗaukar masu zuwa unguwar Maamobi, ina rubuta wa mutane wasiƙu, ina kuma karanta musu waɗanda aka aiko musu. Yanzu wasiƙa ta mutu. Abin da ya rage shi ne cike fom, da takardar neman aiki, da yarjejeniyar haya.

A hannun wani Ba'ankare, wato ɗan asalin garin nan, mai suna Mista Tete na koyi aikin. Teburinsa yana tsakanin babban gidan waya da Zongo Lane, kuma rabin masu zuwa wurinsa direbobi ne da 'yan dako daga Tudu, waɗanda Hausa ce ta fi sauƙi a bakinsu. Shi kuwa Hausarsa ta gaisuwa ce da ciniki, shi ya sa ya karɓe ni. Shekara guda cur bai bar ni na buga harafi ko ɗaya a wasiƙar mutum ba. Aikina in wanke haruffan tafireta da tsohon buroshin haƙori da kananzir, in juya zaren tawada idan gefe ɗaya ya dushe, in jera kabon tsakanin takardu ba tare da ya karkace ba, in je in sayo ambulan da kan sarki. Sauran lokacin in zauna in saurara.

Sauraron shi ne aikin. Mace za ta zo ta ce a gaya wa mijinta kowa lafiya, alhali tana murza bakin mayafinta. In ka yi gaggawa ka buga "kowa lafiya" ka rufe ambulan, ka cuce ta. Sai ka ɗan jira, ka yi kamar kana gyara takarda, can sai ta ce yaron ne dai ba ya jin daɗi, kwana goma ke nan. Wannan ita ce wasiƙar, wancan na farko sallama ce.

Mista Tete yana da wani ƙamus mai kauri wanda bangonsa ya cire, amma ya sha gaya mini kada in dogara da shi. Yakan ce Turanci iri biyu ne, akwai na cikin littafi, akwai na bakin mutane, kuma na bakin shi ke kashe akawu. Ya ce ai mu Hausawa mun fi kowa sanin haka, tunda muna cin kasuwa, muna shan iska, muna kashe aure, kuma ba wanda ya taɓa ganin jini. Doka ɗaya ya kafa mini: in na san kowace kalma a cikin jimla amma jimlar ta ƙi zama daidai a kunnena, kada in karanta. In ninke takardar in ce wa mai ita ya dawo gobe, sannan in je in tambaya. Na gan shi da kansa yana yin haka, da furfurarsa, a gaban mutane, ba tare da ya ji kunya ba.

Da na samu 'yanci sai na dawo unguwarmu na kafa nawa teburin. Lokacin ne samarin Nima suka fara tururuwa zuwa Jamus da Amurka, shuɗayen takardun jirgin sama suna ta zuwa. Yawancin masu zama a bencina mata ne, iyaye da matan aure. Na san wanda ya yi aure a can bai faɗa ba, na san wadda aka yi wa saki ta takarda, na san wanda hotonsa a jikin mota ba motarsa ba ce. Ban taɓa fitar da ko ɗaya ba. Amma ku sani wannan yana da farashinsa. Mutane suna gaishe ka da girmamawa, amma ba sa son zama kusa da kai. A wurin suna ko ɗaurin aure, in na zauna a tabarma, hira takan canja, wani ya tuna yana da uzuri. Haka na saba cin abincina a kan tebur, tsakanin tafireta da kwalbar gam.

Mma Rabi koko da ƙosai take sayarwa a Maamobi, kusa da gadar babban gwata, wato magudanar ruwa. Mijinta ya rasu da daɗewa, ɗa ɗaya gare ta, Isiyaka, wanda ya koyi gyaran mota kafin ya samu hanyar New York. Shekara biyun farko da hannunsa yake rubuto mata, da Turancin makarantarmu ta nan, wanda na sani kamar tafin hannuna. Takan zo bayan ta tashi daga sana'a, hannunta yana ƙamshin mai, in karanta mata sau biyu, ta ba da amsa. Sai kuma aka ji shiru har wata bakwai.

Ranar da ta kawo wata farar ambulan, saura kwana biyu babbar Sallah, bencina cike yake. Mata uku suna jira, ga kuma wani malamin firamare a tsaye yana jiran in buga masa takarda, mutumin da ya sha faɗa a bayan idona cewa Turancina ya tsufa. Rubutun ba na Isiyaka ba ne. Wata maƙwabciyarsa ce a can, mai suna Gloria, ta rubuto, kuma layi huɗu ne kacal. Ta ce Isiyaka ne ya roƙe ta ta rubuto. Sai ta ce, "He is doing time. Six years." Ta ce yana nan lafiya, kada a damu, ga inda za a rubuta masa. A ƙasa akwai sunansa, da wata doguwar lamba, da lambar akwatin gidan waya, da sunan wani gari da ban taɓa ji ba.

Na san "doing", na san "time". Ɗan aji biyu ma ya san su. Amma da na haɗa su, jimlar ba ta zauna ba, na ji haka a jikina sarai. Abin da ya kamata in yi shi ne in ninke takardar. Sai na ɗaga kai na ga malamin nan yana kallona, na ga Mma Rabi ta zuba mini ido, wata bakwai tana jira. Sai na shiga lissafi. Na karanta wasiƙu da yawa da samari ke cewa suna "part-time", ko sun samu "full-time", ko suna "doing overtime" don su tara abin aikowa gida. Na ce a raina wannan ma ɗan'uwansu ne, matar ta gajarta ne kawai irin na Amurkawa. Lambar nan kuwa ta ma'aikaci ce.

Na ce mata Isiyaka ya samu aiki irin wanda ake biya da awa, a wajen gari, kuma sun ɗauke shi na shekara shida. Aikin ne ya hana shi rubutu.

Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala. Matan da ke benci suka yi mata barka, kafin la'asar labari ya kai Maamobi. Washegari da sassafe ta aiko mini da koko a kwano da ƙosai mai zafi.

Bayan Sallah ta zo muka rubuta amsa. Ina tuna ta kalma da kalma, domin na ƙawata ta da mafi kyawun Turancin da na iya. Ta ce a gaya masa ta ji labarin wurin da ya samu, ta yi farin ciki, kuma duk unguwa sun ji sun taya ta murna. Ta ce wannan shi ne abin da ya dace da shi tun da daɗewa. Ta ce Allah ya zaunar da shi a wurin, in shekara shidan sun cika Allah ya sa su ƙara masa wasu. Na buga, na karanta mata, ta dangwala babban yatsa, na liƙa kan sarki.

Amsa ba ta zo ba. Muka rubuta ta biyu. A ta uku ta ce kwanon ɗakinta yana yoyo, in ya samu sarari ya taimaka kafin damina. Bayan wannan ne wata ƙaramar takarda ta iso, da rubutun Isiyaka, da fensir. Layi ɗaya ne. Ya ce, Mma, ban taɓa zaton za ki faɗa mini haka ba.

Nan Allah ya ba ni dama ta biyu. Mai aikin da ake biya da awa ba ya rubutu da fensir a kan yagaggiyar takarda. Na lura da haka, kuma na san inda zan je in tambaya. Amma tambaya tana nufin in yarda cewa wataƙila na yi kuskure a gaban benci cike da mutane. Sai na karanta mata layin kamar yadda yake. Ita kuwa ta ɗauka maganar kwano ce ta ɓata masa rai. Ta ce wato don ta roƙe shi rufin ɗaki shi ne yake mata wannan magana, ita da ta yi shekara ashirin a gaban wuta saboda shi.

Daga nan wasiƙun suka canja. Akawu yana da ɗan 'yancin sassauta magana. In uwa ta ce "ɗan banza" a cikin fushi, kai sai ka buga "ɗana, ka ɓata mini rai". Na yi ta sassautawa iyakar iyawata. Amma a unguwa ana ta magana, ana cewa ga mai ɗa a Amurka da babban aiki, har yau tana soya ƙosai a bakin gwata. Wasiƙa ta tara, bayan kamar shekara biyu, ba ta bar ni na taɓa ko kalma ɗaya ba. Ta ce in aiki ya sa ya manta da wadda ta haife shi, ya zauna da aikinsa. Kada ya sake nemanta, ko ya ji ta mutu kada ya zo. Na ce mata ta je ta kwana a kan maganar. Ta ce ta kwana a kanta shekara biyu. Na buga.

Wani fom ɗin neman aikin gadi ne ya tona mini asiri. Mai shi Munkaila, ɗan Nima ne da aka dawo da shi daga Amurka, mutum mai surutu da dariya. Muna cikin cikewa muka zo wurin da ake tambaya ko an taɓa ɗaure mai neman aikin. Ya sunkuyo ya rage murya ya ce, "I did time, Krachi, amma kada ka sa."

Na ɗauke hannuna daga tafireta. Na ce ya maimaita. Ya maimaita, ya haɗa wuyan hannayensa biyu kamar mai ankwa, ya ce shekara uku ya yi a ciki. Na tambaye shi ko ana faɗin haka ga mai aiki. Ya yi dariya ya ce sai dai in wasa ake, kamar mutum ya ce aikinsa kurkuku ne. Ya ce a can ba mai son ambaton sunan wurin, sai a ce mutum yana "doing time", in ya fito a ce ya "did time", kowa ya gane. Ya ce ai kamar yadda mu muke cewa wane yana cin sarƙa ne, ko yana gidan maza.

Na ƙarasa masa fom ɗin, na rufe tebur da rana tsaka, na hau trotro zuwa Kokomlemle, inda Mista Tete yake zaune wurin 'yarsa tun da idonsa ya mutu. Na same shi a baranda da rediyo. Na karanta masa layukan Gloria da ka, don ban manta su ba. Bai bari na ƙarasa ba ya ce yaron yana kurkuku, lambar nan kuma ta fursuna ce. Ya ce ana kuma cewa "serving time", wannan ya fi bayyana, da shi ta rubuta da na gane. Sai ya tambaye ni me muka rubuta masa. Na faɗa masa ta farko, na faɗa masa ta tara. Ya kashe rediyon. Sannan ya ce in tashi in je wurin matar yau ɗin nan, kada in biya ko'ina.

Ban je ranar ba. Kwana goma sha ɗaya na yi ina buɗe tebur ina rufewa. Sau biyu na kai har gadar na juyo.

Ranar da na je, hantsi ya yi, ta sallami masu saye, tana kankare ƙasan tukunyar koko. Na tsuguna a gefenta, abin da ban taɓa yi ba, na ce ina da magana. Na gaya mata duka, ban rage ba, har da malamin da ke tsaye ranar, har da takardar fensir. Ba ta daina kankarar tukunyar ba sai da na gama.

"Me ya yi?"

Na ce ban sani ba, wasiƙar ba ta faɗa ba.

"Ana ba su abinci a can?"

Na ce ana ba su.

"Wasiƙa nawa muka rubuta masa, Krachi?"

"Tara, Mma."

"Har da wadda na ce Allah ya ƙara masa shekaru."

"Har da ita."

Ta ajiye cokalin, ta wanke hannu, ta goge a zaninta. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kada kowa ya ji, kuma in je in ɗauko injina in kawo ɗakinta, ba za ta yi wannan magana a bakin hanya ba. Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da na ɗauki tafireta zuwa gidan wani. Na ɗora ta a kan akwatin kayanta, a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, ta faɗa na buga. Da muka gama ta sa na mayar mata da ita Hausa sau uku, jimla bayan jimla, tana tambaya ko akwai wata kalma a ciki mai fuska biyu. Sannan ta ce in ƙara a ƙasa, da sunana, cewa ni ne na karanta ba daidai ba. Na ƙara, na sa hannu.

Bayan wata uku wasiƙar ta dawo ba a buɗe ba, da hatimi a jikinta cewa mai sunan ba ya nan. An mayar da shi wani wuri. Muka rubuta wa Gloria, ita ma tata ta dawo. Na rubuta wa hukumar wurin ina roƙon a gaya mana inda aka kai shi, ba amsa. Na bi samarin da suka dawo ina tambaya a kaikaice, ba tare da na ambaci suna ba, kowa ya ce gidajen yarin suna da yawa, sai an san jihar da lambar da ake amfani da ita yanzu. Sau huɗu muna canja ambulan muna aikawa, sau huɗu tana dawowa.

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a, kuma ba wanda ya san dalili. Hannuna ya mutu. Duk wasiƙar da aka kawo, ko ta gaisuwa ce, sai in ga kamar akwai rami a ƙarƙashin kowace kalma. Na yi ta ce wa mutane su dawo gobe, har aka fara cewa Krachi ya rikice. A daidai lokacin kuma shagunan buga waya suka buɗe a kowane lungu, wasu kuma suka koma aika kaset. Sai in wuni ƙarƙashin lema ba wanda ya zauna, ina goge haruffan da ba su yi datti ba. Wadda ba ta daina zuwa ba ita ce Mma Rabi. Duk ƙarshen wata takan zo ta zauna a can ƙarshen benci, ta yi sallama, ta tambaya ko akwai labari. In ce babu. Ta ɗan zauna kaɗan tana kallon motoci, ta tashi. Ba ta sake aiko mini da koko ba, ba ta kuma kai aikinta wurin wani akawu ba, domin ba ta son mutum na uku ya sani.

A unguwa aka ci gaba da cewa ɗanta ya yi arziki ya watsar da ita, ita kuma ta bar su. Na taɓa ce mata in ta yarda zan faɗa wa mutane laifina ne. Ta ce a'a. Ta ce wanda aka ce ya manta da uwarsa, in ya dawo ya nemi gafara zai samu mata a Maamobi, amma wanda aka ce ɗan sarƙa ne ba mai ba shi 'ya.

A damina ta biyar tun zuwan farar ambulan ɗin nan ta kwanta ciwo. Zuwanta na ƙarshe, da ƙyar take tafiya, ta miƙo mini ambulan ɗin da ta dawo karo na huɗu, ta ce in ajiye, in ya zo ba ta nan in ba shi. Ina cikin waɗanda suka raka ta maƙabarta. Ba mu da yawa.

Kusan shekara biyu bayan haka, wata rana da azahar, wani mutum ya tsaya a gaban teburina da baƙar leda a hannu. Ya rame, gemunsa ya fara fari, sai da ya yi magana na gane Isiyaka ne. Sati ɗaya ke nan da aka sauke shi a filin jirgi. Ya je Maamobi ya tarar da wasu a ɗakin, aka gaya masa ta rasu, aka kuma ce har ƙarshe tana zuwa wurin Krachi. Ya zazzage ledar a kan tebur. Wasiƙu tara ne, sun yi laushi saboda ninki.

"Kai ka buga waɗannan?"

Na ce ni ne, na roƙe shi ya zauna. Bai zauna ba. A tsaye ya ji bayanin, tun daga farar ambulan har zuwa ranar da na tsuguna gefen tukunya. Da na gama ya dubi tafiretar. Sannan ya ce kunya ce ta hana shi rubutowa da kansa, shi ya sa ya roƙi maƙwabciyarsa. Ya ce da wasiƙar farko ta iso ya kai ta ɗakinsa bai buɗe ba sai da ya yi alwala, yana tsammanin faɗa ko kuka, sai ya tarar uwarsa tana cewa wurin ya dace da shi, duk unguwa suna murna, Allah ya ƙara masa shekaru. Ya ɗauka baki ta yi masa. Ya ce da aka mayar da shi wani gidan an tambaye shi ko akwai wanda za a sanar, ya ce ba shi da kowa.

Na buɗe aljihun tebur na ɗauko ambulan ɗin na miƙa masa. Ya juya ta, ya duba hatiman da ke jiki, bai buɗe ba. Ya ce Turancina ya ishe shi haka. In ina tuna abin da ta ce, in faɗa masa da Hausa, yadda ya fito daga bakinta.

Ina tunawa, tunda sau uku ta sa na mayar mata. Na ce masa ga abin da ta ce:

"Isiyaka, ni ce Mma. Ban sani ba. Wallahi ban sani ba sai yau. Duk abin da ka karanta a baya, ba da kai nake ba, da wani nake wanda na zaci ya ƙoshi ya manta da ni. Na janye shi duka, na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Ban tambaye ka abin da ka yi ba, kuma ba zan tambaya ba. Ka ci abinci ko ba daɗi, ka riƙe sallah, ka rufe ƙirjinka in ana sanyi. Ba na son kwano. Ɗakin yana nan, in sun sake ka ka zo kai tsaye, ko da rigar jikinka kaɗai."

A nan ne ya zauna a benci. Ya sa ambulan ɗin a aljihun gaban rigarsa, ya dafe ta da hannu, ya sunkuyar da kai. Wata mata ta zo da takardar haya, na yi mata alama ta dawo anjima. Mun fi rabin sa'a a haka, motoci suna wucewa. Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ba. Da ya ɗago, abin da ya tambaya shi ne ko na san inda take kwance.

Na rufe tafireta, na naɗe lema, muka hau trotro. A maƙabarta na gane layin, domin akwai wata bishiyar darbejiya a farkonsa, amma damina biyu ta wuce a kai, ƙasa ta kwanta, allunan katako sun faɗi. Na ƙirga daga bishiyar na zo kan kaburbura biyu a jere. Ya tsaya a bayana yana jira in nuna.

Na ce masa ɗaya daga cikin biyun nan ne, amma ban tabbata wanne ba.

Ya dube ni, ya dubi kaburburan. Sai ya cire takalmansa ya shiga tsakaninsu ya tsuguna, ya ɗora hannun dama a kan ɗaya, na hagu a kan ɗayan, ya fara addu'a. Na koma gindin bishiyar na jira shi.